Kujeru Ɗari Biyu da Arba'in, Babu Tebur

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Manajan Ɗakin Taro,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ofishin kula da ma'aikata na kamfaninmu na sabulu ya umarce ni da in nemi babban ɗakin taron otal ɗinku domin wani zama da za a yi ranar Alhamis, ashirin ga wata, daga ƙarfe goma na safe zuwa sha biyu.

Muna buƙatar kujeru ɗari biyu da arba'in a jere, babu tebur a gabansu. A kan dandamali a sa tebur ɗaya na mutum uku da makirufo ɗaya. Ba a buƙatar wanda ake zagayawa da shi cikin jama'a. Babu abinci, babu shayi. Ruwan sha a zuba a kofin takarda, kada a kawo kwalba. A bar ƙofar bayan dandamali a buɗe, a keɓe wurin mota biyu dab da ita. A baranda, wajen fita, a ajiye ƙananan tebura huɗu. Masu gadi kamfani zai zo da nasa. Muna roƙo kada a rubuta sunan kamfanin a allon sanarwa.

Ka huta lafiya.

Sakatariya, Ofishin Kula da Ma'aikata

Kawu, ni ce Auta, na ƙara wannan da biro. Na san waya ba ta yi maka amfani da kunnen nan naka, ka rubuto amsa direban ofis zai biyo gobe. Ina gaida Inna.

*

Talata, 4 ga wata

Auta 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen gida? Innarki tana amsawa, ta ce wata biyu ba ta ga ƙeyarki ba.

Yau kuma ni ne "Ranka ya daɗe"? Ni da na sha saɓa ki a wuya kina share majina da hulata. Na karanta wa Innarki ta yi dariya har da tari.

Ɗakin yana nan, ranar ashirin babu kowa. Na sa sunanku a littafi, mai otal ya sa hannu tun da safe. Na'urar sanyi biyu ce ke aiki cikin uku, amma kafin ranar za a gyara. Lasifika kuwa ni da kaina nake kula da ita. Abokan aikina na yi mini tsiya wai kurma ne mai kula da sauti, ni kuma na ce musu shi ya sa ba a taɓa jin sirrin wani taro a bakina ba.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro da kyau. Shekara ashirin da shida ina jera kujeru a ɗakin nan. Na ga taron 'yan inshora, na ga na masu sayar da magani, na ga na masu hannun jari da ake tashi baram-baram. Duk taron da za a yi murna a cikinsa, abin da ake fara tambayata shi ne abinci, sai mai ɗaukar hoto. Irin takardar da kika aiko sau biyu aka taɓa kawo mini ita. Ta farko wani banki ne, ta biyu wani kamfanin manyan motoci. Bayan ta biyun sai da muka sake gilashin taga huɗu.

Mutum ɗari biyu da arba'in kusan duk masu aikin injin kamfaninku ke nan, ina ji. Yayanki kuma yana cikinsu.

Kunnena ya yi nauyi, Auta, amma ina karanta takarda. Wane irin taro ne wannan? In ba za ki iya faɗa ba, ki ce ba za ki iya ba, zan gane.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Alhamis, 6 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Wannan takardar ba ta ofis ba ce, idan ka karanta ka yayyaga ta.

Abin da ka gano shi ne. Za a rufe ɓangaren da ake yin sabulun gaba ɗaya. Daga yanzu daga waje za a riƙa kawowa, a nan sai sito da ofishin sayarwa kawai za a bari. Mu na ofis, mu talatin da wani abu, za mu zauna. Sauran duk an sallame su, su ne ba su sani ba.

Ni na buga takardun sallamar. Kwana uku na yi a ofishin Manaja na ciki, ƙofa a kulle, bayan ya sa na sa hannu a wata takarda cewa idan maganar ta fita ta bakina aikina ya tafi, kuma za su iya kai ni kotu. An jera sunayen bisa lambar ma'aikaci, tsofaffin ma'aikata a sama. Yaya shi ne na goma sha ɗaya. Da na zo kan sunansa sai yatsuna suka ƙi motsi. Manaja yana tsaye a bayana da kofin shayi. Ya ce, "Na san yayanki ne. Shi ya sa ke na zaɓa. Kin fi kowa sanin abin da zai faru idan aiki biyu suka tafi daga gida ɗaya." Na buga.

Kawu, ka san wane ne Yaya a wurina. Tun da Mama ta rasu shi ne ya riƙe ni, shi ya kai ni makaranta a bayan kekensa, shi ya riƙe hannuna ya kai ni ofishin nan ya ce, "Ga ƙanwata, ta iya na'ura, ku gwada ta." Shekara ashirin da uku yana gyaran injinan nan. Da jin ƙarar inji yake gane abin da ke damunsa. Jiya mun haɗu a bakin get, ya ce na rame, ya sa hannu a aljihu ya ba ni lemo biyu.

Ka ce me ya sa na kawo maka wannan aiki. Da farko cewa suka yi a tara mutane a filin kamfani, cikin rana, a kulle get. Ni na ce a nemi ɗaki. Akwai masu hawan jini da yawa a cikinsu, akwai mata masu ciki a sashen kwali. Na ce ko ba komai su ji maganar suna zaune, a inuwa, da ruwa da banɗaki kusa. Iyakar abin da na iya yi ke nan. Da aka ce in nemo wuri, ban ga inda zan amince ba sai wurinka. Ka yafe mini da na jawo ka ciki.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka, Auta

*

Litinin, 10 ga wata

Kawu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki? Ya Inna? Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna da baƙin mai.

Labari ya iso mana wai a wurinka za a yi babban taro ranar ashirin. Direba ne ya fesa. An ce kowa ya zo da katin aikinsa, ranar babu aiki. Mutane na cewa tunda bana kamfani ya cika shekara arba'in, karrama tsofaffin ma'aikata za a yi. Na tambayi Auta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta da ta cewa. Wannan ya ƙara tabbatar mini, ka san ta da zurfin ciki.

Alfarma nake nema. Ka ajiye wa Maman yara kujera ɗaya ko a can baya ne. Shekara ashirin da uku tana wanke kayan aikina, ya kamata ta gani da idonta.

Sai shawara. Ka tuna Dogo da muka yi aiki tare? Ya buɗe ƙaramin kamfanin buhu a bayan gari, yana so in zo in riƙe masa injina. Ya ce in ba shi amsa kafin Lahadi, akwai wani yana jira. Ni dai ina ganin zan ba shi haƙuri. Wurin ƙarami ne, da nisa, babu asibitin ma'aikata. Kuma mutum goma sha takwas ke ƙarƙashina a nan, ba zan tafi in bar su ba.

Na gode. A gaida Inna.

Ɗanka, Injiniya (in ji ka)

*

Alhamis, 13 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ko da yake na san ba kya barci yadda ya kamata.

Ga takardar yayanki nan na haɗo miki. Ki karanta kafin ki ci gaba da tawa.

Bari in gaya miki abin da na yi, don kada ki ce Kawu ya naɗe hannu. Na fara zuwa wurin mai otal na ce na'urar sanyin nan ba za ta gyaru ba kafin ashirin, gara mu mayar wa kamfanin sabulu da takardarsu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tun yaushe ka fara korar baƙi?" Ya kira mai gyara a gabana, kafin azahar ɗaki ya yi sanyi ƙalau. Da na fito na zauna na yi tunani, sai na ga wautata. Ko na hana ɗakin, ai ba sallamar na hana ba. Filin rana kawai zan mayar da su.

Jiya kuma na hau mota na je bakin get ɗinku lokacin hutun rana. Injiniya ya fito yana goge hannu da tsumma, muka zauna a benci. Na ce masa ya karɓi aikin Dogo. Ya ce don me. Na ce mutum in ya daɗe a wuri ɗaya yana da kyau ya motsa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai da ka shekara ashirin da shida a ɗaki ɗaya?" Sannan ya daina dariyar, ya matso kusa da kunnena mai ɗan ji ya ce, "Ko ka san wani abu ne?"

Maganar tana bakina, Auta. Sai na hango ki ta tagar bene kina wucewa da fayil a hannu. Na ce masa, "Shawarar tsoho ce kawai." Ya ce to ya ji, ya gode. Ya raka ni har bakin titi ya tare mini mota.

Kin san yayanki. Idan aka gaya masa, kafin ya ajiye sifanar da ke hannunsa mutanensa goma sha takwas sun ji, don ba zai iya kallon idonsu yana ɓoye musu ba. Kafin la'asar kamfani ya ɗauka, kafin a tashi aiki an gano ke ce. In kuwa ba a gaya masa ba, ranar Lahadi zai kori aikin da ya zo har ƙofarsa. Na juya ta ko'ina, ban ga inda za a dafa ba. Wuyanki ne a ciki, ba nawa ba, shi ya sa ban yanke miki ba. Duk wanda kika zaɓa ba zan ga laifinki ba.

Allah ya kawo mafita.

Kawunki

*

Litinin, 17 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa.

Na je gidan Yaya ranar Asabar da yamma. Tun a mota nake maimaita abin da zan faɗa. Ina shiga na tarar da sababbin kaya rataye a bayan ƙofa, tela ya kawo da safe. Anti, matarsa, tana gugar nata. Babbar 'yarsu ta ce, "Gwaggo, da gaske Baba zai hau dandamali?" Na ce mata ta kawo mini ruwa.

Yaya yana tsakar gida ya kwance fankar ɗaki yana gyarawa. Na ja kujera na zauna kusa da shi. Na ce, "Yaya, don Allah ka karɓi aikin Dogo." Bai ɗago ba ya ce, "Ke da Kawu kun haɗa baki ne?" Na ce, "Ni dai ka karɓa." Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni ya ce, "Auta, in akwai maganar da aka ba ki amana a ofis, ki riƙe ta. Ban kai ki wurin nan don a ce ƙanwata mai ɗaukar zance ce ba. Ko ni ne kada ki gaya wa." Yana nufin kada in ɓata masa daɗin kyautar da yake zato.

Na buɗe baki, Kawu. Wallahi na buɗe. Sai Anti ta leƙo ta ce abinci ya sauka. Na ci loma uku na ce kaina ke ciwo, na tafi.

Jiya ya kira Dogo ya ba shi haƙuri. Anti ce ta gaya mini.

Yau Manaja ya raba mana aikin ranar. Tebura huɗun nan na baranda na miƙa ambulan ne, kowa ya sa hannu ya karɓi tasa. An ba ni na farko, daga lamba ɗaya zuwa sittin. Na roƙe shi ya canja ni, ya ce tsofaffin ma'aikata sun san ni, ba za su yi mini rashin kunya ba.

Abu biyu nake roƙo. Kada ka bar Anti ta shiga ɗakin, ka nemi dalili. Kuma ka sa akwatin magani kusa.

Ka huta lafiya.

Auta

*

Juma'a, 21 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Na neme ki bayan an watse aka ce motar ofis ta kwashe ku. Kina baranda, ba ki ga abin da ya faru a ciki ba, kuma ina ganin ya kamata ki sani.

Tun tara da rabi ɗakin ya cika. Kowa ya ci ado, sai ƙamshin turare. Injiniya ya zauna a layin farko da mutanensa. Matarsa na kai ta ofishina na ce kamfani ya hana iyali shiga, na ba ta shayi. Abin da na manta shi ne akwai ƙaramar lasifika a bangon ofishin. Ta ji komai ita kaɗai.

Ina can baya wurin na'ura. Maganar ba ta zo mini sosai, bayan mutane kawai nake gani. Da shugaban kamfanin ya fara karantawa har an tafa masa. Can sai na ga kafaɗu sun tsaya cak, layi bayan layi. Wata mata a tsakiya ta sa fuska a cikin mayafinta. Na duba agogo, duka-duka minti goma sha ɗaya aka yi.

Injiniya ya miƙe ya ɗaga hannu. Bakinsa na motsi, amma ɗaki ya ɗauki hayaniya, ba mai jin sa. Makirufon zagayawa yana cikin durowa a gabana. Na ce ko me za a yi mini a yi, na ɗauka na nufi gaba. Ƙafar tsoho ce, ga mutane sun miƙe sun tare hanya. Kafin in isa, su ukun da ke kan dandamali sun fice ta ƙofar baya. Ni da hannuna na sa wa ƙofar mai ranar Talata don kada ta yi ƙara.

Na miƙa masa makirufon duk da haka. Ya tsaya riƙe da shi yana kallon tebur babu kowa. Wasu matasa sun riga sun ɗaga kujeru. Ina dab da shi, wannan kam na ji da kunnena. Ya ce, "Jama'a, a ajiye kujerun nan. Ba na kamfani ba ne, wurin aikin kawuna ne. A fita a hankali, a bar mata su fara wucewa."

Ko gilashi ɗaya ba a fasa ba. Mutum biyu ne jiri ya ɗebe su, muka kwantar da su a ƙaramin ɗaki har suka dawo daidai. Mai otal ya yaba mini wai ban taɓa shirya taro mai tsari irin wannan ba.

Da ya zo ɗaukar matarsa na ce masa, "Injiniya, na sani." Ya ce, "Na gane, Kawu."

Yau ban iya kwashe kujerun ba, na ce a bari sai gobe. Ki zo wurin Innarki ki kwana biyu.

Kawunki

*

Asabar, 22 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara. Na kira sau da yawa ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Da ka zo teburina ka sa hannu, ka buɗe ambulan a gabana, na ga idonka ya sauka ƙasan takardar inda haruffan sunana suke. Ka ce, "Sannu da aiki," ka wuce. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ɓoye komai ba yanzu. Mako uku ke nan da na sani. Ina sane ka ba ni lemo a bakin get. Ina sane na zauna a tsakar gidanka kana gyaran fanka, kwana ɗaya kafin ka kira Dogo. An tsorata ni da kora da kotu, na kuma ce wa kaina gara a bar mutum ɗaya da aiki a gidan. Har yanzu ban san ko don ku na yi shiru ba ko don kaina.

Jiya na je wurin Dogo. Wanda ya ɗauka ya fara aiki tun Litinin. Ya ce ya so ƙwarai, in wani gurbi ya samu zai neme ka, amma bai ga alama nan kusa ba.

Na rubuta takardar ajiye aiki. Jibi zan kai. Ba zan iya zama a kujerar nan ba.

Ka yafe mini in za ka iya.

Ƙanwarka, Auta

*

Lahadi, 23 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

Ki yaga takardar nan. Gobe ki tafi aiki a kan lokaci. Akwai mutanena da ba su iya karatu ba, za su zo ofis neman haƙƙinsu, ina so su tarar da wanda zai ba su kujera ya yi musu bayani.

Na san ba ke kika rufe kamfani ba. Na san ni na ce ki riƙe amana. Kaina ya san wannan duka, zuciyata ce ba ta iso wurin ba tukuna.

Kada ki zo gida yanzu. Na ce wa yara aiki ya yi miki yawa. In na shirya ni zan neme ki.

Ki riƙa cin abinci.

Yayanki